Mujtahidi da Muƙallidi a Sabha

Masu ɗaukar hoto a Sabha, tamkar malaman fiƙihu, sun rabu mazhaba biyu. Ma'abucin Leica M3, wadda Jamusawa suka fitar a 1954, mujtahidi ne, domin sai ya yi ta murza zoben gilashi, yana ƙanƙance ido, har siffofi biyu su haɗu su zama ɗaya, alhali raƙumin da ya nufa tuni ya kama hanyar Murzuk. Mai Konica C35 AF ta 1977 kuwa muƙallidi ne, ya sallama wa na'ura hukunci. Amma ranar da iskar gibli ta turnuƙe tsohon sansanin Italiyawa, sai malamar tasa ta ruɗe, ta yanke fatawa a kan ƙura, kuɗin wankin fim kuma na wuyansa.