Bazazzagi da Tukunyar Bature

Ran Bazazzagi ya daɗe, ko da yake ba da zuciya ɗaya na faɗa ba.

Tun ranar da muka zauna teburin mai shayi a Terminus, nan Jos, sanyin Disamba na kaɗa mana haƙora, kake damuna da karatun da ban roƙa ba. Wai Bature in ya ɗauki "boil", wato tafasa, sai ya liƙa masa ɗan wutsiya, ma'ana ta juya. "Boil down to" maganar da ta tsotse kamar miya ta koma kan abu guda. "Boil over" rikici ya tumbatsa. "Boil away" ruwa ya ƙafe a tukunya. Har da "cook up", wato shirga ƙarya. Wannan kam ka ƙware tun kafin ka san Turancinta.

Kana hura hanci wai ku ne masu Barewa, ku ne masu jami'ar 1962. To mu magadan kasuwar Kurmi mun riga Bature shiga madafi. Mukan gasa wa mutum aya a hannu, mu gasa masa magana, ba gawayi ba murhu. Zuciya ma tafasa take yi. Dubi "dafa" kaɗai: ka ja wasalin farko, ka tallafi ɗan'uwa, ka gajarta shi, ka ɗora tukunya. Rannan na ce ka dafa mini a kan kuɗin haya, sai ga yaronka da dafaffen dankalin Bokkos. Sarai ka ji ni, rowa ce kawai.

Abin dariyar, mai rarrabe "up" da "down" shi ne ke cewa "matana ya zo". Malam, raba "ya" da "ta" tukuna.

Kuma Jos na bisa tudu, wajen mita 1,200, don haka ruwa a nan kan tafasa a kusan digiri 96, ba 100 ɗin da ka haddace a Samaru ba. Shi ya sa wake ke jan rai. Ko tukunyar garin ba ta bin littafinka.

Ran Asabar zan biya ta Farin Gada in sayo kabeji da karas. Ka tanadi gawayi, mu ga ko "boil" ɗin naka zai iya dafa ƙwai. Ka haɗo da kuɗin shayin da na biya maka.