A layinmu kowa likita ne

Mu fa ƙwaya ɗaya tal ba ta cika mana ido. Likita zai rubuta wa yaro maganin farfaɗiya, ya ce a sha safe da dare, kada a tsallake ko rana guda. Kafin a iso gida an biya wajen mai kemis, an ƙaro kwalbar maganin ƙarin jini da ƙwayoyin bitamin, wai maganin asibiti yana shan jini. Goggo ta aiko da garin zogale, maƙwabciya ta miƙo man habbatus sauda ta katanga, Alhajin da ya dawo daga Umara ya ba da wata kwalba da babu wanda ya karanta rubutun jikinta. Duk sai a jera su a saman kwaba, na likitan ya koma can baya.

Ranar komawa asibiti kuwa, likita ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, akwai abin da yake sha ban da wannan?" Sai mu gyara mayafi: "Babu, likita, sai abin da ka ba mu." Kuma har ga Allah ba mu ɗauke shi ƙarya ba, don a wurinmu bitamin ɗan'uwan abinci ne.

Abin dariyar shi ne, masu cewa maganin yana rage wani abu a jiki ba su yi nisa da gaskiya ba. Tsofaffin magungunan da aka fi ba mu, irin su fenobabiton da ake amfani da shi tun 1912, da fenitoyin, da kabamazafin wanda muka fi sani da Tegretol, suna sa hanta ta ƙara saurin aiki. Tana cikin wannan sauri sai ta riƙa cinye bitamin D da wuri, folik asid ma ya ragu. Shekaru na tafiya ƙashi na rauni, shi ya sa likita da kansa kan rubuta wa wasu bitamin D da kalsiyam.

To amma a nan gizo ke saƙar. Folik asid ɗin nan yana iya rage ƙarfin fenitoyin a cikin jini. Kalsiyam da farin ruwan maganin gyambon ciki, idan aka haɗiye su tare da fenitoyin, suna hana hanji tsotse shi yadda ya kamata, sai an ba da tazarar awanni tsakaninsu. Ƙwayar da ta gyara ɗan gidan Malam tana iya dawo wa ɗan gidanku da faɗuwa, tunda maganinsu ba iri ɗaya ba ne. Mu kuma ba ma tambaya. "Ai shi ɗan Yaya yake sha, ga shi nan ya yi ɓulɓul."

Zancen 'yan mata ya fi ban tausayi. Muna ɓoye ciwon kada dangin miji su ji, a kai amarya da ƙwayoyinta a ƙasan akwati. Alhali idan Epilim take sha, wato balfurowet, yana iya yi wa ɗan tayi illa a ƙashin baya, kuma wurin yana haɗuwa ne a cikin watan farko, tun kafin ta san tana da ciki. Tun ana zancen sa rana ya kamata a je wa likita, ya duba ko zai canja magani, ya fara ba ta folik asid. Wata kuma da ta ga wata ya wuce sai ta watsar da maganin gaba ɗaya, wanda shi ma haɗari ne gare ta da abin da ke cikinta. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa ta sani, Tegretol yana rage wa ƙwayar ƙarfi.

Babban halinmu dai shi ne yanke hukunci da wuri. Wata uku yaro bai faɗi ba, sai a majalisa a ce, "Alhamdu lillahi, ya warke." Kuɗin magani ya yi tsada, sai a daina saye, a bar shi da tonik mai zaƙi. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya kan jawo bugun da ya fi na da, kuma duk wanda ya wuce minti 5 na asibiti ne nan take. Samari kuma su ji: tiramadol da abokai ke miƙawa don ƙarfin aiki yana tayar da ciwon, har ga wanda bai taɓa yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace.

Don haka, jama'a, ranar asibiti a samo leda babba, a zuba komai a ciki, na kemis da na gargajiya, a juye wa likita a kan tebur. Zai yi faɗa? To sai me? Mu da kullum muke shan faɗan ɗan Adaidaita Sahu a kan canji, na likita ne zai gagare mu?