Harsashina a Allon Maƙwabciya

Shekaranjiya Asabar abin ya faru, kuma har yau Litinin in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo min a ƙeya.

Ina zaune a wani ƙaramin gari a kudancin Jamus, yankin da kusan kowane ƙauye yake da ƙungiyar maharba. Wani abokin aikina ne ya ja ni tasu, na ɗana bindigar iska ta aro, shi ke nan ciwo ya kama ni. Wasan a baki ba wuya. Ka tsaya a tsaye, tazarar mita 10, ka aika ɗan harsashin dalma mai kaurin milimita 4.5 cikin wata baƙar da'ira. Maki goma ɗigo ne a tsakiyarta, faɗinsa rabin milimita, ƙwayar gero ta ninka shi. A gasa harbi 60 ake yi cikin minti 75, kuma ƙarshen abin da harbi guda zai ba ka shi ne 10.9. Tun 1984 wasan yake cikin gasar Olamfik.

Sai zuciya ta raya min cewa aro ne yake hana ni ci gaba. Na shiga raba dare ina karanta bayanan Feinwerkbau da ake ƙerawa a Oberndorf, da Walther da Anschütz na birnin Ulm, da Steyr ta Ostiriya, har na zama mai iya yin musu a kan siffar gindin bindigar da ban taɓa sa wa kafaɗa ba. Doka ba ta tare ni ba. A nan duk wanda ya cika shekara 18 zai iya sayen bindigar iska ba lasisi, muddin ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba kuma tana ɗauke da tambarin F, saɓanin Najeriya inda dokar makamai ta ce sai da lasisin 'yan sanda. Farashi ne ya tare ni. Sabuwa ta gasa daga wajen Yuro 2,000 take tashi, manyan ciki su haura 3,000. Ban da rigar harbi, da wandonta, da takalmi, da safar hannu, da kuɗin ƙungiya. Ni kuwa abin da ke hannuna kwasar adashi ce, Yuro 1,200, wadda mai ɗakina ta riga ta raɗa wa suna injin wanki.

Ana cikin haka na ga talla a allon sanarwar ƙungiya. Wani dattijo da ya yi ritaya zai rabu da tasa Feinwerkbau 700, ta hannu, Yuro 1,200 cif. Na ce wannan rabo ne ke kira. Na kira shi, na yi masa tambaya ɗaya tilo ta masu ilimi da na haddace, wato shekarun tukunyar iskar, don shekara goma take yi a daina yarda da ita a gasa, sabuwa kuma wani kuɗin ne. Ya ce da sauranta. Ya ce in zo in gwada kafin in biya.

Kawun mai ɗakina yana gidanmu, ya zo ganin likitan gwiwa. Da ya ji maganar sai ya jawo hularsa. Ya ce ba a sayen bindiga ba babba a wurin, kuma shi jikan mafarauta ne ta wajen uwa. Wanda ya san surukuta ya san ba ni da bakin cewa a'a.

Tun a mota ya buga lissafin sabuwar a wayarsa, ya mayar da shi naira, ya yi salati, ya ce kuɗin ya haura rabin kujerar Makka. Da muka sauka ɗakin harbin, wanda yake ƙarƙashin ƙasa, ko taga babu, dattijon ya miƙa masa bindigar ya jinjina. Nauyinta ya doshi kilo biyar, ƙa'idar gasa kuwa ta tsaya a 5.5.

"Wannan me take kashewa?" in ji Kawu.

"Ba ta kashe komai, Kawu. Allo ake harbi."

"Ko kurciya?"

"Ko kurciya."

"To in an gama me ake ci?"

Ban samu amsa ba, don lokacin ana cusa ni cikin rigar dattijon. Rigar harbi da wandonta da wani tamfol mai tauri ake ɗinka su, don su riƙe bayan mutum kada ya riƙa rangaji. Da aka gama ɗaure ni gwiwata ta daina lanƙwasuwa, na taka zuwa layi na biyar ƙafa a sanƙare. Kawu ya bi ni da shawara. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama yana neman inda iska ke kaɗawa, ya ce in koma ta ƙasan iska. Na ce, "Kawu, ai babu iska a nan, ku duba." Ya ce abin da ƙaramin maharbi yake faɗi ke nan kullum. Ya ce kada in ƙura wa abin ido da yawa, don abin hari yana jin nauyin ido. Ya ce kada in yi gaggawa, in bari ya matso. Na so in tuna masa cewa allon da ƙusa aka kafe shi a bango, kunya ta hana ni.

A layi na shida, dama da ni, wata tsohuwa ce da ta ba saba'in baya, tana irin harbin da ake yi wa manya a nan, inda ake ɗora gaban bindiga a kan matokari. Allon kwamfutarta ya cika da 10.3 da 10.5 da 10.4, jere reras. Ko kallona ba ta yi ba.

Dattijon ya gargaɗe ni cewa kunamar bindigar ba a ja, taɓawa kawai ake yi. Sannan ya ƙara wata magana yana nuna saman allunan, cikin Jamusancin ƙauyensu da rabi nake tsinta. Na gyaɗa kai da ƙarfi. Sai daga baya na gane cewa ya yi in dubi lambar layina kafin in sauke ido cikin saiti.

Ga yadda abin yake. In ka sa ido a ɗan ramin saitin baya, duniya duka ta ɓace, ba ka ganin komai sai zobe da baƙar da'ira a cikinsa. Kuma duk baƙaƙen da'irorin ɗakin nan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na ɗaga bindiga, bakinta yana yawo, da'ira ta shigo ta fita, ta shigo ta fita. Can sai ta shigo ta zauna daram a tsakiyar zobe. Na ɗauke numfashi, na taɓa kunama. Tas. Wallahi ban taɓa jin harbi ya yi min daɗi irin wannan ba.

Na dubi allon kwamfutata. Fari fat.

Na jira. Fari fat.

Kawu ya ce daga baya, da murya yadda duk ɗakin zai ji, harsashin ne ya yi gudun da na'urar Bature ta kasa gani.

To, ga wurin da nake ta maimaitawa a kaina tun shekaranjiya. Da shiru na yi a lokacin, da abin ya tsaya a ƙaramin abu. Amma ina! Na ajiye bindiga, na juyo da jikina gaba ɗaya tunda wuya ba ya juyawa cikin rigar nan, na yi murmushin wanda ya san abin da ya harba, na ɗaga wa dattijon babban yatsa. Sannan na ɗaga murya cikin Jamusancina mafi tsabta, wanda na jera kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ba kuskuren nahawu, na sanar da mai kula da ɗakin cewa na'urar layi na biyar ta lalace, a duba waya. Ni, baƙo, cikin rigar aro, da bindigar da ban biya ba. Aka tsayar da harbi. Kowa ya buɗe bindigarsa ya zura igiyar tsaro ya ajiye. Wasu tsofaffi biyu, ɗaya yana dafa ƙugu, suka durƙusa ƙarƙashin teburina suna bin waya da tocilan. Ni kuma ina tsaye a kansu ina ba da bayani, har da nuna musu da yatsu cewa a ganina harbin bai gaza goma ba.

Duk wannan lokacin hannun tsohuwar yana sama. Ta ɗaga shi tun ɗazu, cikin natsuwa, tana jiran a kula ta. Da mai kula ya isa wurinta ba ta ce uffan ba, allonta kawai ta nuna. A ƙasan jerin goma-gomanta ga wani sabon maki, 7.1, ɗigonsa can gefe shi kaɗai. Bindigarta kuwa a buɗe take, harsashin da za ta sa yana tsakanin yatsunta.

Mai kula ya dubi allonta. Ya dubi nawa. Ya dubi lambar da ke saman allona, biyar ƙatuwa da ko daga bakin ƙofa ana karantawa. Sannan ya sunkuya ya ce wa tsofaffin su fito, wayar lafiyarta ƙalau. Na ƙugun sai da aka kama shi ya miƙe. Yatsana, na rantse, bai gama sauka ba.

Ƙa'ida a fili take. Wanda ya harbi allon wani sifiri ne nasa, wanda aka harba wa kuma a goge masa. Da na fassara wa Kawu sai ya ce sam bai yarda ba. Ya ce allo allo ne, kuma wanda ya harbi nama a gonar wani ai ba ya rasa cinya. Ya ce in gaya wa mai kula a raba makin biyu, ta ɗauki uku da rabi in ɗauki uku da rabi, ɗigon da ya yi saura a bar wa ƙungiya. Ya kuma tuna min cewa tun farko ya ce in koma ta ƙasan iska.

Dattijon mai bindiga ya so ya rage min zafi. Ya ba ni labarin Matt Emmons, Ba'amurken da yake kan gaba a wasan ƙarshe na harbin mita 50 a Olamfik ɗin Atina a 2004, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare, ya harbi allon layin kusa da shi, ya faɗo na takwas. Wata maharbiya 'yar ƙasar Cek, Katerina Kurkova, ta je yi masa jaje, a 2007 suka yi aure, a 2008 ita ta ci zinaren bindigar iska a Beijin. Na fassara wa Kawu wannan ma, don ya matsa sai ya ji. Ya yi shiru, ya gyara zaman hula, ya ƙare wa tsohuwar kallo.

"Ɗana, kai kana da iyali, kuma 'yata ce," ya ce. "Amma tambaye ta ko maigidanta yana raye."

Ban tambaya ba. Ita dai da za ta ci gaba da harbi ta ce min, ba ko murmushi, in zan sake aiko mata in daure in aiko goma.

Dattijon ya ƙi karɓar kuɗina. Ya ce in ci gaba da ta ƙungiya tukuna, tasa ba inda za ta. Injin wanki ranar Alhamis za a kawo shi. Mai kula ya rubuta sunana a layi na ɗaya, hagu bango, na biyu kuma ya ce za a bar shi ba kowa duk ranar da na zo.

Jiya na ji Kawu a waya yana shaida wa mutanen gida cewa surukinsu ya tsaya a layinsa ya harbo allon wata Baturiya daga gefe, har sai da aka tsayar da gasa aka kira injiniyoyi. In labarin ya iso muku, ni ne, amma 7.1 ne, kuma an goge.