Bayani a Kan Kwashe Hatsi Kafin a Sake wa Kwamfuta Gini

Ka sani, ya kai ɗalibi, faifan kwamfuta gonar gado ce da aka raba kashi-kashi: wannan na Windows, wancan na takardu, ga kuma wani ɗan ƙarami a gefe wanda ba a sanin amfaninsa sai ranar da aka share shi na'ura ta ƙi tashi. Tun da Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, masu gyara daga Madawa har Buza suke ta rushe-rushe. Malaman Adar sun yi ittifaƙi cewa ba a rushe rumbu da hatsi a ciki. Saɓaninsu a kan ɗan dako ne, wato manhajar da za ta kwashe hatsin.

Mazhaba ta farko ta dd ce, dattijon Unix, kurma kuma bebe. Gonar yake kwashewa dukanta, har fako da burtali, ko da abin da ke ciki hotunan suna ne guda uku. In ka juya masa mafari da makoma, sai ya ɗauki rumbun wofi ya kife a kan cikakke, cikin ladabi, ba tambaya.

Ta biyu Clonezilla, mutumin Taiwan. Inda aka shuka kawai yake girbewa, ya ɗaure dami tamau. Aibinsa, in zangarniya ɗaya kake so, sai an kwance damin duka. Ni marubuci na fi karkata gare shi.

Rsync kuwa, haifaffen Ostareliya a 1996, abin da ya ƙaru tun jiya yake ɗauka, amma bai san iyakar gona ba.

Mas'ala: wanda ya ajiye kwafi a wani kashi na faifan nan dai, hukuncinsa hukuncin mai ɓoye iri a gindin rumbun da gara ke ci. Wanda ya ajiye bai taɓa gwada maidowa ba, a tura shi Madawa ya ga yadda mai albasa ke leƙa rudu yana tsame ruɓaɓɓiya. Wanda ya ce sai bayan sabuntawa, a tuna masa cewa a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, tun 1984, kafin ruwa ake jera duwatsu.

An so kwafi ɗaya ya kwana a wani gari. Nawa yana Keita wurin kawu, wanda ya ɗinke shi a fata ya rataya wa jikansa.