Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dokin Laka

Daga Kademi, ƙasar Gaya, zuwa ga ingarman da bai taɓa cin harawa ba, Dokin Laka, a duk bakin kududdufin da takardar nan ta riske shi.

Gaisuwa mai yawa, da aminci, da girmamawa irin wadda ta wajaba tsakanin tsofaffin abokan tafiya. Ina fata kana lafiya, kai da raƙuminka da bijimanka da jakinka da sauran jama'ar barga baki ɗaya.

Amma bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali na san ba ka yi allo ba balle boko, wani labari ne da ya iso mana daga Turai, wanda tun da na ji shi na kasa samun sukuni, saboda na ga ya taɓa mutuncinka. A ƙasar Danmak, a wani gari da ake kira Billund, akwai kamfani mai suna LEGO, wanda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a 1932 yana sassaƙa wa yara kayan wasa na katako, kafin gidan ya koma ga 'yan tubalan roba masu kama juna. A 2001 kamfanin nan ya fito da waɗansu halittu, su ba mutane ba su ba dabbobi ba, ya sa musu suna Bionicle, ana sayar da su gaɓa-gaɓa a cikin gwangwanin roba, yaro ya zauna ya haɗa ƙafa da ƙugu, hannu da kafaɗa, har abin ya miƙe tsaye riƙe da makami. Jarumansu na farko shida ne, kowanne da abin da aka mallaka masa: Tahu na wuta, Gali ta ruwa, Lewa na iska, Pohatu na dutse, Onua na ƙasa, Kopaka na ƙanƙara. Aka ƙaga musu tsibiri mai suna Mata Nui, aka ƙaga musu abokan gaba, aka kuma ɗora wa kowannensu neman fuskokin aro guda shida, waɗanda ake sayarwa a ƙunshe, mai saye bai san wadda zai tarar ba sai ya biya ya buɗe. Mu'amalar da, in da an kawo ta gaban malamanmu, garari za su kira ta, 'yan kasuwa kuwa su ce cinikin biri a sama.

Halittun nan suka karɓu ƙwarai, har suna cikin abin da ya riƙe gidan sa'ad da ya kusa durƙushewa a 2003 da 2004. Amma da yake kasuwa ba ta san zumunci ba, a 2010 kamfanin ya ce ya isa haka, a 2015 ya dawo da su, a 2016 ya sake rufe babinsu. To, yaran da suka yi wasa da su a wancan zamani, yau magidanta ne masu gemu da iyali, sai ga shi suna zaman makoki wanda ba shi da ranar uku balle ta arba'in: suna jera su a akwatin gilashi, suna farautar tsofaffi da ninkin kuɗinsu na asali, suna aika wa kamfanin koke a kan ya dawo musu da ƙuruciyarsu, har a 2023 ya lallashe su da wani ɗan ƙaramin Tahu da ya bayar a matsayin gyara ga wanda ya yi sayayya. Abin da ya fi ɗaure mini kai cikin mazhabarsu shi ne, gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba ya fi wanda aka yi wasa da shi daraja, watau abin wasa yana ƙara falala gwargwadon yadda ya kuɓuta daga hannun yara.

Da na gama jin wannan sai kishi ya kama ni a madadinka, na ce ashe ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana da masu yi masa kuka a ƙasashe, kai kuwa da kakannin kakanninmu suka hau, ka ɓace daga ƙofar gidajenmu ba a ko shimfiɗa tabarmar ta'aziyya ba. Alhali in nasaba ake tinƙaho da ita, ba ka da abin sunkuyar da kai. Ta wajen uwa, watau ƙasa, danginka ne gumakan yumɓun Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928, ga waɗansunsu can a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Ta wajen uba kuwa kai ɗan gidan dawakin da ke jahi a gaban Sarki ne ranar Hawan Daushe. Ta fuskar shari'a ma ba ka rasa madogara ba, gama Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasanta, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta dalilin fukafukan, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Irin wannan ne malamai suka riƙa wajen sassauci ga kayan wasan yara. Kuma kada ka manta a ƙasar Gaya ka zauna, ƙasar da tarihi ya ce daga cikinta maƙera suka tashi suka je Dala neman tama, saboda haka aikin hannu ba baƙonmu ba ne.

Bari in tuna maka yadda ake haihuwarka, ko da tsawon zamani ya mantar da kai. Idan damina ta zauna, kududdufin da magina suka haƙe don tubali ya cika, sai a je gefen da yumɓu ya fi danƙo a kwaso, a tsince tsakuwa, a yi ta cuɗawa har ya daina manne wa tafin hannu. A fara da gangar jiki, a ja wuya, a lanƙwasa shi yadda zai nuna izza, a soka tsinken tsintsiya huɗu su zama ƙashin ƙafafu, a lulluɓe su da laka. Sa'an nan a shanya ka a inuwa, don wanda ya yi gaggawar kai ka rana zai tarar da kai a tsage. Mai ƙarfin hali ya faki idon uwarsa ya tura ka cikin garwashin murhu bayan an sauke tuwo, ka fito ja, kana ƙara in an ƙwanƙwasa. Daga nan sai ado: gawayi ga mai son akawal, farar ƙasa ga mai son kili, sirdi na ɓawon kara, linzami na zaren buhu, jalala ta takardar alawa, lifidi na tsumman da tela ya zubar. Bijimai kuwa a yi musu ƙaho da ƙayar aduwa, a ɗora tozo, kuma yaron da ya taɓa bin babansa kasuwar Wudil ran Juma'a shi ne muftin da ke yanke hukunci ko wannan Bunaji ne ko Rahaji.

Mu ma mun san tara dukiya, kada Turawa su zaci su suka fara. Akwai mai barga a bayan rumbu, turke-turke, ba mai taɓawa sai da izni; akwai farashi sananne da ba a rubuta ba, doki gasasshe ya ci ɗanye biyu, raƙumi mai tsayuwa da ƙafarsa ya ci goruba da ƙarin aya. Ana hawan sallah a kan turɓaya, wani na busa algaita da baki, mahaya dokin kara suna zagi. Ana karon bijimai, wanda ƙahonsa ya fara karyewa ya tafi ganima, kuma idan biki ya kawo baƙin yara daga Ajingi, ranar nan mutuncin Kademi duka yana rataye a kan ƙaya biyu.

Adalci bai yarda in yi ta yabo in ɓoye aibu ba, don haka ga tuhumar da ke kanka. Ƙafafunka ba su da amana, sun fi son karyewa a daidai lokacin da aka tara jama'a. Ba ka da haƙurin ruwa, kai da aka haifa a cikinsa. Yayyafin dare ɗaya ya ishe ka komawa ga asalinka, kai da sirdi. Akuya ta taka ka ba ka rama ba, tsintsiyar safe ta kwashe rundunarka ba ka yi ko haniniya ba. Mafi girma duka, allo nawa aka jingine saboda kai, dorina nawa ta sauka a bayan bayin Allah, riga nawa ta sallah ta koma ruwan ƙasa tun kafin a sauko daga idi, kai kuwa kana tsaye ba ka taɓa yin ceto ba.

Duk da haka, mas'alar da ta hana ni barci ita ce: su mutanen can, baƙin cikinsu yana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, gama akwai kamfanin da ya yi hukunci, akwai shekarar da ya yi shi, akwai wanda za a roƙa ya warware, kai kuwa na nemi wanda zan kai ƙara na rasa. Ba hukumar da ta hana ka, ba masana'antar da aka rufe, kududdufi yana cika kowace shekara, aduwa ba ta daina ƙaya ba. Waɗansu za su ce dokin roba na ƙasar Sin da ake sarowa a kasuwar Sabon Gari shi ya kore ka, waɗansu su ce wayar hannu ce. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da na yi tahaƙiƙi sai na tarar masu begenka su ne masu korarka: dattijon da zai cika majalisa da labarin bargarsa ta da, har idonsa ya yi ƙwalla, shi ne in ya shiga gida ya ga jikansa da laka a hannu zai daka masa tsawa, ya zaro kuɗi ya ce a sayo masa na kanti, don kada maƙwabta su ce ya gaza. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, waɗannan sun tuna bara, suka kuma hana bana ta yi daɗi ga waɗanda take tasu.

Ba na zargin halittun Danmak da abin da ba su yi ba. Haƙiƙa sun fi kusa da kai bisa ga dokin roba da ake zubawa dubu daga mazubi guda, domin su ma sai hannun yaro ya tashe su, yana kuma iya saɓa wa takardar umarni, ko ya wargaza jarumai uku ya haɗa ƙato ɗaya. Bambancinku guda ne, amma babba: idan gaɓarsu ta ɓata, yaro sai ya jira aljihun uba da yardar kamfani, kai kuwa in ka karye sai ya koma bakin ruwa, kuma na biyu kullum ya fi na farko kyau, na goma har manya su tsaya kallo. A wannan makaranta ce, wadda ba ta da rajista, magina da masassaƙa da makanikai da yawa suka fara sanin abin da yatsunsu ke iyawa.

Saboda haka ina roƙon ka dawo, bisa sharuɗɗa huɗu. Na farko, kada ka yarda a sa ka a gilashi, ko da Gidan Makama ne ya aiko da mota, don dokin da ba a karya shi ba bai yi aikinsa ba. Na biyu, kada ka koyi sa wa kanka kuɗi. Goruba da aya sun wadatar. Na uku, ka yi haƙuri da yaran yanzu idan suka ɗebi lakarka suka gina Adaidaita Sahu ko jirgin sama, ko ma shi Tahu ɗin, domin kowa abin da ya buɗe ido ya gani yake kwaikwayo. Na huɗu, ka dubi Allah ka gyara sha'anin ƙafafun nan. Mu kuma a namu ɓangaren zan kai magana majalisa a yafe dukan laka, in ban da lokacin karatu da ranar da aka sa sabuwar riga.

Saura magana ɗaya ta haƙƙi. Akwai wani Alhaji a garin nan, mai jikoki da rumfa a kasuwa, wanda ya karɓi aron bijimina gasasshe zai kai karo, har yau bai dawo da shi ba, kuma duk sa'ad da na tayar da zancen sai ya ce in kawo shaidu biyu adilai. Kai kana wurin, raƙumi ma yana wurin. In kun iso ku fara sauka a gidana, mu wuce wurin Dagaci tare.

Haza wassalam.

Ni ne tsohon Shamakinka, mai jiran amsa kafin kududdufi ya ƙafe.