Jirgin da aka ce ba ya tangaɗi

Dillalin da ya ba ni hayar jirgin bai yi mini ƙarya ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don da ƙarya ya yi da na san inda zan kai ƙara. Cewa ya yi katamaran ba ya kwanciya gefe irin na jirgi mai ciki ɗaya, za ka ajiye kofin shayi a tebur ka dawo ka tarar da shi. Gaskiyarsa. Kofi bai zube ba. Mutanen da suka sha shayin ne bai ce komai a kansu ba.

Ni ɗan Kantin Kwari ne, shadda da atamfa na sani. Kasuwa ta yi kyau, uwargida ta ce kowa Dubai yake zuwa, mu canza. Muka tsayar da Zanzibar, tsibirin Tanzaniya da akasarin mutanensa Musulmi ne, inda surukata Hajiya ba za ta tsare mai abinci da tambayar wa ya yanka ba. Kafin in biya ko sisi sai da na bi kowa na tambaye shi yadda cikinsa yake da tafiya. Uwargida ba ta kaiwa Kwanar Ɗangora ba tare da an tsaya mata ba. Amaryar ƙanena ba ta iya duba waya a mota. Gwaggo da lemon tsami a baki take zuwa Wudil. Saboda su na zaɓi katamaran: dogayen jirage biyu a jere, an shimfiɗa daɓe a kansu an gina falo da kicin, tsawonsa ƙafa 50, ɗaki huɗu kowanne da banɗakinsa, inji biyu, ga bene inda matuƙi ke zama. Kawu kaɗai ya ji haushin tambayar.

"Kai yaro, ni kake tambaya? Tun ba a haife ka ba nake ƙetare Kwara a Yawuri cikin kwale-kwale, da kwandon kifi a cinyata."

A watan Agusta muka tafi, don lokacin ne yara ke hutu. Kyaftin ɗin, wani siririn dattijo ɗan tsibirin, ya ƙare mana kallo da buhunan kilishinmu da dambun nama, ya tambaya cikin ladabi wa ya zaɓi watan. Na nuna uwargida, ta nuna makarantar yara. Ya ce daga wajen Yuni zuwa Satumba iskar da suke kira Kusi ke kaɗawa daga kudu maso gabas, kuma ba ta da wasa. Na ce masa jirginmu mai ciki biyu ne. Ya ce ya sani, shi ke tuƙa shi.

Farkon tafiya kam sai son barka. Daga tsohon birnin Zanzibar muka bi gaɓar yamma, tsibirin ya tare mana iska, ruwa luf. Muka sauka Changuu muka ga manyan kunkurun da aka kawo kakanninsu daga Seshels a 1919, Gwaggo ta ce wannan ba kunkuru ba ne, turmi ne aka kife. Rigimar da aka yi ɗaya ce, ta alƙibla. Kawu ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas, kyaftin ya juya shi arewa, don Makka kusan saitin arewa take daga Zanzibar. Da ƙyar ya yarda. Da dare kuma jirgi na kan anga yana juyawa da iska, Kawu ya tayar da kabbara yana kallon arewa, ya yi sallama yana kallon inda rana ta faɗi. Ya naɗe darduma ya ce wannan jirgin ba shi da tarbiyya.

Da safe kyaftin ya tara mu. Za mu zagaya ƙarshen tsibirin ta Nungwi mu nufi Mnemba, wajen da ake kallon kifayen dolfin, kuma da zarar mun zagaya babu sauran abin da ya kare mu daga Tekun Indiya. A ci abu kaɗan marar maiƙo. Mai shan ƙwayar hana amai ya sha yanzu, awa guda kafin tashi, don in zuciya ta riga ta tashi ƙwayar ba ta zama a ciki balle ta yi aiki. Kawu ya saurare shi tsaf, sannan ya sa aka soya masa ƙwai da mai, ya bi da shayi mai kauri da kilishi. Uwargida ta sha ƙwayar. Irin waɗannan magunguna suna sa barci, nata kuwa ya karɓe ta sosai: kuɗin kujerarta kaɗai ya isa a yi wa yaro kaciya da walima, amma abin da ta gani na gabashin Zanzibar bai wuce matashin kai ba.

Muna zagaya Nungwi na gane abin da dillali ya tsallake. Jirgi mai ciki ɗaya yana lilo a hankali, dama, hagu. Katamaran ba ya yin haka, shi fizga yake yi. Ciki ɗaya ya hau igiyar ruwa ɗayan na gangarowa, ruwa ya doki ƙasan daɓen da ƙara, dum, kai kuma kana tsakiya kamar tsaba a faifai ana bakace. Mai inji kuma ba shi da zanen kama iska da zai ɗan danne shi, ga hayaƙin dizal na biyo baya.

Amarya ce ta fara. Ta toshe baki da mayafi ta ruga gefe, Gwaggo ta bi ta da kallo, ta ƙirga watannin biki da yatsu, sai kawai ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Alhamdu lillahi! Ango, ashe ba ka zauna ba!"

Ƙanena ya sunkuyar da kai yana murmushin da bai san dalilinsa ba. Guɗar ba ta gama sauka ba Kawu ya miƙe, fuskarsa ta koma launin toka. Kyaftin ya ɗaga murya ya ce ya juya wa iska baya, amma mutumin Yawuri ba ya karɓar darasi a kan ruwa. Ya tunkari iska ya saki. Iskar Kusi ta karɓi ƙwai da kilishi ta mayar da su kan farar shaddar ango, wadda ni na zaɓa masa da hannuna a shago, ta haɗa da hular Kawu zanna-bukar ta jefa teku. Gwaggo ta dubi Kawu ta dubi amarya, ta ce, "Yaya, kai ma?" Ita kanta daga nan ba ta sake magana ba sai da bokiti.

Kyaftin ya yi mana bayani yana riƙe da sitiyari. A can cikin kunne akwai abin da ke auna motsin jiki. In ka shige ɗaki, kunne na cewa ana jijjiga ka, ido na ganin bango a tsaye, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, sai ciki ya biya kuɗin rigimar. Magani shi ne a fito sarari, a zauna tsakiyar jirgi ta baya inda motsi ya fi sauƙi, a kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Shawara mai kyau. Sai dai wannan wurin kujera ɗaya ce doguwa, kuma Hajiya na kanta tana tauna citta da kanumfari. Ni ɗan Kano, in je in zauna kafaɗa da kafaɗa da surukata ina gyatsa? Na ce, "Hajiya, ku huta, bari in duba kaya," na gangara ɗakin da ke can goshin jirgi, inda babu wurin da ya fi shi tashi da faɗuwa. Masu cewa sun ji wani sauti daga banɗakin, famfon ne. Irin na jirgi da hannu ake buga shi, kuma yana da gurnani.

Da na rarrafo na fito, na tarar da Kawu kwance a daɓe, kai babu hula. Na so in ƙarfafa masa gwiwa, na ce ai ba shi kaɗai ba ne, Charles Darwin ma da ya yi shekara biyar a jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836, haka ya yi ta fama da amai. Ya buɗe ido ɗaya.

"Wanda ya ce kakanmu biri ne?"

"Shi, Kawu."

"Allah ya ƙara masa."

Citta ma ta kai iyakarta, Hajiya ta fara salati a hankali tana haɗiyar yawu. Nan kyaftin ya yi abin da har gobe ban yafe masa ba. Ya ce mai tuƙi ba kasafai yake jiri ba, don idonsa na gaba kuma jikinsa ya san motsin da ke zuwa tun kafin ya iso. Ya riƙe mata jaka ta hau bene, ya ɗora hannunta kan sitiyari, ya tsaya a gefe. Matar da ko keken ɗinki ba ta taɓa takawa ba. Kafin mu hango Mnemba ta warke sarai, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tambayi amfanin waɗancan sanduna biyu na gefen dama. Ya ce na ƙara wuta ne. Ta tura su.

Dolfin sun fito, an ce har tsalle suka yi. Hajiya da kyaftin da yara ne shaidu. Mnemba kuwa tsibiri ne da ba a barin baƙo ya taka sai wanda ya kama ɗaki a can, don haka Kawu ya ga yashi fari fat a gabansa aka ce masa ba a sauka. Abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne.

Da yamma aka yi taron dangi aka yanke cewa jirgi ya koma gaɓar yamma ya jefa anga kada ya sake motsi. Hajiya ce kaɗai ta ƙi, kuma wa zai musa mata? Sai aka raba: kullum da hantsi a sauke mu a bakin yashi da tabarma da flas ɗin shayi, ita da jikokinta su tafi yawo da jirgin da na biya. Muna zaune ƙasa na ci gaba da yi mana lilo, muna hango ta a bene tana ɗaga mana hannu.

Ranar mayar da jirgi aka miƙo mini wata takarda. Ashe kuɗin mai daban yake da kuɗin haya, kuma inji biyu a guje ba sa shan dizal da cokali. Ina tsaye ina karanta lissafin a karo na biyu Hajiya ta wuce, ta ce, "Alhaji, Allah ya yi albarka. Baɗi a nemo wanda ya fi wannan gudu, kyaftin ya ce akwai."

Na durƙusa na ce, "To, Hajiya."