Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Rada, Mazaunin Bayan Bamba

Malam Rada,

Ina rubuto maka ne daga wani gareji a jihar Indiyana ta Amurka, kusa da Elkhart, yankin da ake ƙera mafi yawan motocin tafi-da-gidanka na ƙasar nan. Ƙorafi na kawo a madadin dattawan da suka yi ritaya, suka sayi gida mai tayoyi, suka ɗaura ƙaramar motarsu a baya domin su gudu wa ƙanƙara, su je Quartzsite ta Arizona su sha hantsi a watan Janairu.

Ka san dai kafin a ja mota da tayoyinta huɗu a ƙasa, sai mun cire bamba mun ɗaure wani kakkauran ƙarfe a jikin shasi, wanda sandar ja za ta kama. Muna mayar da bamba mu tada mota, sai ka tubure. Dashbod ya cika da fitilu ruwan ɗorawa: babu birkin gaggawa, babu tsare tazara, har ƙanwarka Kyamara da ke bayan gilashin gaba ta shiga yajin aiki don taya ka. Dattijo ya zare tabarau ya dube ni, ni kuma in dubi bamba.

Daga nan sai lalube. Mu fara da soket ɗinka, ko an manta ba a mayar ba, ko ya shiga bai kama ba. Mu duba mariƙinka ko ya lanƙwashe. Mu leƙa ko kunnuwan sabon ƙarfen sun tare maka gaba, domin su ne kuma ke sa 'yan ƙannenka na fakin ƙara ba dare ba rana, suna ganin bango inda babu. Mu koma fitilun baya, inda aka haɗa wayoyin babbar mota: in ba a sa diyod ba, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sai wutar ta koma cikin kwamfutar fitilu ta rikita ta, kuma da yake dukanku layi guda kuke magana a kai, kuka ya game gida.

Sau da yawa ma Baba Batir ne. Wasu motocin sai an bar makulli a rabin kunnawa ake jan su, ga na'urar ƙarin birki tana zuƙa, tafiyar yini guda wuta ta sauka ƙasa da bolt 12. Maganin waya ɗaya ce ta caji daga babbar mota. Amma kai kana gani ba za ka ce "batir ne" ba.

Ba zan ci amanarka ba, kana da hujja. In aka karkatar da kai da digiri 1 kacal, a nisan mita 100 ganinka ya kauce da kusan mita 1.7, wato kusan rabin layin babbar hanya. Tirelar da ke layin gefe sai ta zame maka tana gabanka, ka danna birki cikin gudu a banza. Maigadin da aka juya wa kujera, gara ya ce ba ya gani da ya harbi mai gida. Na yarda. Shi ya sa muke yi maka hidimar saiti: daɓe mai lebur, iskar taya daidai, allon auna a tazarar da littafi ya faɗa, wani lokaci har a fita da kai yawo kan titi sai ka huce. Wasu ma sai an tuna an kashe maka birkin gaggawa kafin a fara ja, in ba haka ba ka ga bayan babbar mota dab da hancinka ka ɗauka haɗari ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne rowar magana. Tun 1996 doka ta sa kowace mota a nan ta zo da kafar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, amma ƙaramar na'urar da dattijo ya saya lambobin inji take karantawa, naka sirrin sai babbar kwamfutar dila. Kai kuwa abin da ka iya rubutawa a dashbod shi ne "a je wurin dila", ko da mutum yana tsakiyar hamada.

A 2024 hukumar tsaron hanyoyi ta NHTSA ta ce daga Satumban 2029 kowace sabuwar ƙaramar mota sai da birkin gaggawa, ke nan zama da kai ya zama dole. Don Allah, Malam, in an taɓa ka, ka riƙa faɗin inda ke ciwo: soket ne, karkata ce, ko yunwar wuta. Ka rage mana lalube, domin bamban nan maƙalan roba ke riƙe da shi, kuma kowace cirewa sai wani ya karye.

Ka gaida Kyamara.

Naka,
Wani bakanike a Indiyana